An tuhumi Mani da satar mai, ni kuwa na san inda man ya tafi

Daga admin: wani dattijo cikin membobinmu ya turo wannan, ya roƙi a ɓoye sunansa. A yi sharhi cikin ladabi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, 'yan uwa na wanga zaure, manya da ƙanana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon maganata, ni mutum ne da bai iya faɗin abu a gutsure ba, hannuna kuma ya fi sabawa da alƙalami da ajami bisa ga danna waya. Sunayen da zan ambata duka ba na masu su ba ne, na canza su, in kun karanta za ku gane dalili.

Shekarar da anka katse layin waya a ƙasarmu ta gabas, anka hana sayar da mai a jarka, ita ce shekarar da na kama aikin kula da gonar wani Alhaji, Allah ya jiƙansa, a fadamar gulbin Rima tsakanin Wurno da Goronyo. Abokina ne tun muna ɗaukar karatu a zaure ɗaya, shi Allah ya buɗa mishi ta wajen noma, da ya ga ƙarfinsa ya fara ja baya sai ya ce in zo in zama idonsa. Noman rani muke yi, albasa da tafarnuwa da 'yar shinkafa, duka da injin ban ruwa. Na fara da waccan shekara ne don ku san tun daga lokacin jarka ta zama abin tsoro gare mu. A wani gari in an ga mutum da jarkar mai bisa babur ba wanda zai waiwaya. Nan wurinmu tambaya ɗaya ake yi, wa zai kai ma wa? Kuma kowa ya san waɗanda ake nufi, mutanen daji. Wanda anka laƙa ma wanga suna, ba kotu ake fara kai shi ba.

Cikin ma'aikatan da na taras akwai Mani, shi ke riƙe da injuna. Ya ba arba'in baya, mai iyali ne, mutumin wajen Magarya, ya fi ni daɗewa a gonar nesa ba kusa ba. Baki gare shi kam, babu wanda ya tsira daga tsokanarsa. Babban injinmu ma ya sa mata suna Hajiya, wai don ba ta tashi sai an lallashe ta an tambayi lafiyar ƙafa. Ni kuwa in ya hango ni tafe sai ya ɗaga murya ya ce ku gyara zama, ga Malam nan ya zo yi ma albasa tafsiri. To amma tsakanina da Allah, tun zuwana ban taɓa kama shi da ko ƙwayar tafarnuwa ba.

Bara Allah ya yi ma Alhaji rasuwa, gona ta koma hannun babban ɗansa da muke ce ma Alhaji Ƙarami. Mutumin kirki ne, ban rage mishi komi ba. Ya yi boko mai zurfi, ya yi aiki a wani kamfani a birnin Sakkwato, ya zo muna da tsari irin na can. Albashi ya koma fita kan kari, abin da ko mahaifinsa bai iya ba. Ya ce daga yau komi sai da izini, ya sa kwaɗo a siton mai, ya raba mabuɗi uku, ɗaya wurina, ɗaya wurin Mani, ɗaya wurin direbansa da ke kawo man daga gari. Ya yanko sanda ya yi mata tsage-tsage, ita yake tsomawa a duro in ya zo, ya ga inda mai ya tsaya. Ni ban ga laifin haka ba, mai ya yi tsada, kuma dukiyar akwai haƙƙin ƙannensa marayu a cikinta. Baba Malam yake ce mini, har ƙasa yake gaishe ni, amma dai shi ne mai gona, ni ma'aikaci ne. Akwai kuma abu ɗaya da ya kamata ku sani game da shi don kada ku zalunce shi a sharhi. An taɓa ɗauke mijin ƙanwarsa a hanyar Rabah, cikin abin da mutanen sunka nema kafin su sake shi har da mai, kuma Alhaji Ƙarami da hannunsa ya haɗa kayan. Tun daga nan in anka ambaci masu kai ma daji mai, fuskarsa canzawa take yi.

To a makon da ya wuce ya zo ya tsoma sanda, ya ce mai ya sauka fiye da abin da ban ruwa zai ci. Ana cikin wagga magana sai direbansa ya ce ai shi ma ya ji wani abu, wai wani mai kifi ya ga Mani da hantsi ya ɗaure kaya bisa babur ya rufe da buhu, ya bi gefen gulbi ya yi gabas, warin mai na bin sa. Ba a kira mai kifin ba, har yau ban san ko wane ne ba. Nan take Alhaji Ƙarami ya sa anka tara ma'aikata ƙarƙashin mangwaro, har 'yan ƙwadago masu cirar ciyawa, ya karɓe mabuɗin Mani gaban kowa, ya ce ya dakatar da shi ba albashi. Ya tambaye shi ina ya kai mai. Mani mai bakin nan ya sunkuyar da kai, ya ce shi dai bai sayar ma kowa da mai ba. Anka sake tambaya, abin da ya maimaita ke nan, bai ƙara ko harafi ba. Sai anka aika direba da wasu mutum biyu sunka bincike gidansa gaban matarsa da ɗiyansa, har ƙarƙashin gado, ba a samu komi ba, amma unguwa ta gani. Kafin la'asar magana ta kai kasuwa, kuma ba sata kawai ake cewa ba.

Bayan 'yan kwanaki Alhaji Ƙarami ya kira ni ya ce ya kafa kwamiti, za a zauna ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na ce su wa ke ciki, ya ce shi da ni da kwamandan 'yan sa-kai na yankinmu. Na ce mishi ɗana, ban hana ka binciken dukiyarka ba, haƙƙinka ne, wajibi ma ne tunda akwai marayu. Amma a ɗan karatun da munka yi, wanda ya yi tuhuma shi ke kawo shaida, kuma ba ya zama alƙali a kan ƙarar da shi ya kawo. Na ce mabuɗi uku ne, mi ya sa mutum ɗaya anka tambaya, a tambaye ni, a tambayi direba, a shiga gidana a duba kamar yadda anka shiga nasa. Na ce a kawo mai kifin ya faɗi gaban Mani abin da ya gani. Na ce ka hukunta shi tun kafin ka ji shi, ka yanke mishi abinci, ka tozarta shi gaban 'yan ƙwadagon da shi ke sa su aiki, to zaman Juma'a na mi ne kuma? Na ce maganar ma'aikaci da mai gidansa ce, mi ya kawo mai bindiga ciki? Ya saurare ni har na ƙare, bai katse ni ba, sannan ya ce a kamfanin da ya yi aiki ma in abu ya wuce sata ya shafi tsaro hukuma ake kira, kuma da Mani na da gaskiya da ya buɗe baki. Ya ce shi ba zai bari man gidansu ya shiga babur ɗin da za a zo a ɗauki wani da shi ba. Abin da kawai na samu wurinsa, ya yarda ba wanda zai taɓa Mani kafin Juma'a.

Daga nan na wuce gidan Mani. Na same shi zaune a zaure, ya rame cikin 'yan kwanakin nan kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya ce ya daina fita sai masallaci, can ma in ya shiga sahu na kusa da shi kan ɗan ja jiki. Matarsa ta aika sayen gishiri mai shago ya ce babu, alhali ga shi nan a tire. Na ce Mani, ni ba kwamiti ne ya aiko ni ba, gaya mini gaskiya. Sai ya ce, "Malam, amana zan ba ka. In ka hwaɗi, kai da Allah." Na ce na karɓa, ban san nauyin abin da nake karɓa ba.

Kafin in faɗi abin da ya ce, dole in yi ma waɗanda ba 'yan fadama ba bayanin wani abu. Akwai al'adar da muke ce ma aron fadama, mun gaje ta tun zamanin jigo, itacen nan da ake rataya ma guga a ɗebo ruwa daga gulbi, kafin inji ya zo. In ruwan maƙwabcinka ya tsaya lokacin da albasa ke ɗaurin kai, lokacin da in ta sha ƙishi ba ta ƙara dawowa, ba ka jiran ya roƙa. Da can yinin jigo ake ba shi, da inji ya zo abin ya koma mai. A ɓoye ake kai mishi, ba a karɓar kuɗi, mai ake maidowa ranar da ya samu bayan an cire albasa, kuma ba a faɗi, ko iyalinka ba ka gaya ma wa, don faɗin tonon asirin mutum ne. Marigayi Alhaji ya yi wanga ba adadi, kuma Mani ne hannunsa, har ta kai ba ya tambaya, in ya ga albasar da ke fangalin wani ta fara sunkuyawa sai ya ɗiba ya kai, Alhaji in ya gani ya kau da kai. Da mai ya yi tsada abin ya ja baya ƙwarai, shi ya sa Alhaji Ƙarami bai taɓa cin karo da shi ba, kuma tunda sharaɗinsa shiru ne babu inda zai ji shi.

Mani ya ce aron fadama ya yi. Na ce wa? Ya ce Baffa Dikko. Nan na gane komi. Baffa Dikko tsohon Bafulatani ne da anka kore ma shanu shekarun baya, ya dawo yana noma ɗan fili bakin gulbi gabas da mu. Ɗansa ɗaya ya shiga daji, kowa ya sani. Tsohon ya ce ya sallama shi duniya da lahira, ya ƙi barin gari, ya ce nan anka binne iyayensa. Ba a taɓa kama shi da komi ba, amma an daina gaishe shi, kuma babu mai sayar mishi da mai ko na kwalba. Mani ya ce, "Na biyo na ga tsoho shina ɗibar ruwa da bokiti daga gulbi, gwiwatai na rawa, albasatai ta kwanta. Mi kake so in yi, Malam? Da Alhaji na da rai mi zai ce in yi?" Na ce Alhaji ya rasu, Mani, dukiya ta tashi daga hannunsa, wanda ke da ita yanzu ya ce komi sai da izini, kuma ka ji da kunnenka. Ya ce, "Na ji. Laihi na yi, a kore ni, na yarda. Amma in na ambaci sunan Baffa gaban kwamanda, ka san ba shi kwana gida. Wa zai yarda inji ya sha, ba ɗanai ba?"

Na tambaye shi nawa ya ɗiba, ya ce jarka biyu, a lokuta biyu. Ga inda zuciyata ta rabu, don abin da sandar Alhaji Ƙarami ta nuna ya fi haka sosai. Na faɗa mishi, ya ce shi dai abin da ya ɗiba ke nan, ko a gaban wa zai maimaita, sauran a tambayi sanda ko a tambayi Hajiya da ta tsufa take sha kamar raƙumi. Ko a wanga hali sai da ya yi tsokana. Ni ban sani ba. Mai yiwuwa inji ne ke ci da yawa, mai yiwuwa duron bai zo a cike ba tun daga gari, mai yiwuwa kuma Mani ya gaya mini rabin gaskiya ne ya riƙe rabi. Ba na son in ɗora ma direba abin da ban gani ba, irin abin da nake ƙi a yi ma Mani ke nan. Abin da na sani kawai, ba a bincika ba.

Don in samu natsuwa sai na taka da kaina zuwa filin Baffa Dikko, kamar mai duba yadda ruwan gulbi ya ja. Na ga ɗan injinsa, na ga fangalinsa sun miƙe kore shar, na ga ƙasa da danshi, alhali mutum ne da ba a sayar ma mai. Ya taso da murna, don ba kasafai ake tsayawa wurinsa ba, ya ce Modibbo yau kai ne a gonata, ya shimfiɗa mini buhu. Munka gaisa, sai ya ce ina Mani, kwana biyu bai ji waƙarsa da safe ba, yana dai jin injinmu amma ba hannun Mani ba ne, don shi ba ya bari ta yi tari haka. Ashe tsohon bai san komi ba, tunda ba mai yi mishi magana. Na ce Mani na gida. Ya ce lafiya? Na ce da sauƙi. Ya dube ni ya daɗe, ni kuwa ban iya ƙarya da fuska ba. Bai ƙara tambaya ba, ya rako ni har bakin hanya.

Na koma wurin Alhaji Ƙarami karo na biyu. Ban ambaci suna ba, ban ma ce Mani ya gaya mini komi ba, na dai yi mishi bayanin aron fadama, na ce mahaifinka ya yi shi, ka tambayi duk dattijon da ka yarda da shi. Na ce in ta tabbata irin wanga ne, to laifin saɓa umurni ne, yana da hukuncinsa, gargaɗi ko yankan albashi ko ma sallama in ka ga dama, amma ba sata ba ce ta sayarwa, kuma ba abin kwamanda ba ne. Sai ya ce, "Baba Malam, in abin kirki ne mi ya sa ake ɓoye shi? Wa anka ba?" Na ce ba a faɗi. Ya ce, "Ke nan kai ma ka sani." Na kau da kaina. Wallahi tun yana yaro ban taɓa ganin ya dube ni da irin idon nan ba. Ya ce don darajar mahaifinsa wagga magana ba za ta fita daga bakinsa ba, amma ranar Juma'a suna yake so, a je a ga mutumin a ga injinsa, in gaskiya ne shi da kansa zai ba Mani haƙuri gaban waɗanda ya tara. In babu suna, zai cire hannunsa, kwamanda ya tafi da Mani ya tambaye shi ta hanyar da sunka iya. Na ce ko a sa shi ya dafa Littafin Allah cewa bai sayar ba, bai kai ma daji ba. Ya ce mutanen da sunka ɗauki mijin ƙanwarsa ma suna salla.

Na roƙe shi a fitar da kwamanda daga zaman, a sa liman ko wani dattijo cikin manoma a madadinsa, in ya so a faɗi sunan tsakanin mutum uku ya tsaya nan. Ya ce ya riga ya gaya ma kwamanda, in ya janye yanzu shi za a fara zargi da rufa ma wani asiri. Kuma gaskiya ya faɗi, haka garinmu ya koma.

To yau Laraba da hantsi ina zaune zaurena sai na ji sallama. Baffa Dikko ne da jakinsa, mangala cike da ganyen albasa. Ya ce in aika a kira mishi Mani, ba zai iya zuwa ƙofarsa ba kada ya ƙara mishi wani abin. Ashe bayan rabuwarmu ya bi ya tambaya har ya ji abin da ake ciki. Da Mani ya zo, tsohon ya janye ganye, ya fito da jarka biyu cike, ya jawo su da kansa har cikin zaure, ya ƙi a kama mishi. Ragonsa guda da ya rage ya kai ma wani manomi a ƙetaren gulbi, ya ce ba kuɗi yake so ba, mai yake so. Ya ce, "Mani, ga aronka. Biyu ka kawo, biyu na maido. Modibbo shaida ne." Mani ya durƙusa yana hawaye, ya ce Baffa wa ya ce ka yi haka, ai ba a maidowa sai an cire albasa. Tsoho ya ce, "Karɓa dai, in ji da bakinka." Mani ya ce, "Na karɓa, Baffa. Babu komi tsakaninmu." Sunka yi musafaha.

Na ɗauka an gama, sai Baffa Dikko ya ce ranar Juma'a zai zo wurin zaman ya faɗi da bakinsa, shi ya tsufa, abin da ya rage mishi kaɗan ne, Mani kuwa na da ƙananan ɗiya. Mani ya miƙe ya ce in Baffa ya taka wurin zaman, shi kuma zai rantse gaban kowa cewa sayarwa ya yi a kasuwa ya ci kuɗin, tsoho ruɗewa ce ta kama shi. Sunka yi ta ja, kowa na cewa ɗayan ba shi da hankali, tsoho na ce mishi ɗan Haɓe mai taurin kai, shi kuma yana cewa ai taurin kai wurin Fulani anka koya. Da ƙyar na raba su. Kowa ya kama hanyarsa, ba wanda ya janye maganarsa, sunka bar mini jarka biyu a zaure. Na ja su bayan ƙofa na rufe da tabarma, ina rubutun nan warinsu na shiga mini hanci, kuma duk wanda ya yi sallama sai na waiwaya na duba tabarmar, don in an gan su a gidana ni ma na shiga layi.

Mabuɗina na nan wurina. Zuciya ta ce mini in kai man in juye a duro ba wanda ya sani, amma wanga ha'inci ne ga wanda ya ba ni amanar sito, kuma in ya tsoma sanda ya ga mai ya ƙaru, cewa zai yi abokan Mani sun tsorata sun maido, abin ya ƙara muni. In na ɗauki jarkokin na kai mishi a fili na ce ga aron an maido, tambayarsa ɗaya ce, daga wa, kuma yanzu ya san na sani. In na faɗi, na ci amanar Mani, na kuma miƙa tsoho ga mutanen da ba su jiran bayani, ko da Alhaji Ƙarami ya yarda, kwamanda ba a hannunsa yake ba. In na yi shiru na zauna kwamiti kamar ban san komi ba, da idona za a tafi da mutumin da na san inda aƙalla jarka biyu nasa sunka tafi, na kuma ga an maido su. Na yi tunanin in ƙi zama kwata-kwata, to in na tashi wa ya rage a wurin da zai ce a dakata? Iyalina na cewa in je wurin uwar Alhaji Ƙarami, ita ta san halin mijinta, kuma ɗanta ba ya ƙetare maganarta, amma ita ce uwar yarinyar da anka ɗauke ma miji, ban san ta inda zuciyarta za ta faɗi ba in ta ji sunan Baffa Dikko.

Na yi istihara, ban ga komi ba tukuna sai ƙarin nauyi. Shi ya sa na kawo gare ku. Malamai na cikin wanga zaure, amanar da riƙe ta zai sa a cutar da wanda ya ba da ita, ana riƙe ta ko ana saki, kuma in sakinta zai cutar da wani na uku fa? Ku da kuka yi aikin ofis kuka san yadda ake zaman ladabtar da ma'aikaci, akwai hanyar da zan bi in sa a ɗage zaman, ko a raba maganar saɓa umurni da maganar tsaro, ba tare da na kunyata mai gona gaban kwamanda ba? Kada ku ce mini in kai ga hukuma kawai, ku tuna inda muke zaune. Jibi ne Juma'a, Baffa Dikko ya ce zai zo, Mani ya ce zai yi rantsuwar ƙarya in ya gan shi, man kuma na bayan ƙofata. Don Allah mi zan yi?